Tsaron Ƙaramin Gari: Tambayoyi da Amsoshi Kan 'Yan Sanda, 'Yan Sintiri da Masu Unguwa

Waɗannan tambayoyi ne da suke dawowa kusan duk sanda aka zauna taron tsaro a ƙaramin gari, a ƙofar gidan dagaci ne ko a harabar firamare bayan la'asar. Garin da nake nufi shi ne irin namu na Arewacin Najeriya: caji ofis ɗaya, kasuwar mako, tasha, da ƙauyuka masu yawa da suka kewaye shi. Wasu amsoshin doka ce tsagwaronta, wasu kuwa ra'ayina ne, kuma mai karatu zai gane wanne ne wanne.

Me ya sa 'yan sandan garinmu ba su da yawa, kuma galibinsu baƙi ne?

Saboda ba na garinku ba ne, na tarayya ne. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan. Sufeto Janar yana Abuja, kowace jiha tana da kwamishina, a ƙarƙashinsa akwai eriya kwamanda, sannan DPO mai riƙe da caji ofis, sai ƙananan ofisoshin ƙauye da za ka tarar da ɗan sanda biyu ko uku da benci ɗaya. Shugaban ƙaramar hukuma ba ya ɗaukar ɗan sanda, ba ya korarsa, ba ya yi masa canjin wurin aiki. Hakimi ma haka.

Adadin da aka saba ambata shi ne kusan dubu 370 ga mutum sama da miliyan 200. A cikin wannan ka cire na hedikwata, da 'yan mobal, da masu gadin banki, da masu riƙe wa manya ƙofar mota. Matsalar nan ta ƙarshe ta kai har a watan Nuwamba na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a janye 'yan sanda daga rakiyar manyan mutane. Abin da ya rage shi ake rabawa ƙananan hukumomi 774, kuma birni ne ke fara ɗiba.

Shi kuwa DPO, kafin ya gama sanin wane lungu ne ke ɓullewa bayan mahauta, takardar canji ta iso. Wanda ya gaje shi sai ya fara daga farko.

Da can ma haka abin yake?

A'a, kuma tarihin yana da amfani ga duk mai son yin gardamar yau. Kafin zuwan Turawa, dogarai ne 'yan sandan sarki: su ke kamo mai laifi, su ke tsaron kasuwa da ƙofar gari, su ke isar da sammaci. Turawa ba su rushe su ba, sai suka sa su ƙarƙashin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya. Daga shekarun 1920 aka fara fitar da 'yan gadi da 'yan doka masu kaki da kulki, waɗanda En'e ke biyansu kuma sarki ne ubangidansu. Rundunar 'yan sandan Najeriya kuwa a 1930 aka haɗa ta, daga ta Arewa da ta Kudu. Aka daɗe ana tafiya da biyun kafaɗa da kafaɗa, har gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960.

Ka zauna da dattawa biyu, za ka ji labari biyu. Ɗaya zai ce maka a zamanin ɗan doka baƙon ɓarawo ba ya kwana biyu a gari, domin ɗan doka ya san gidan kowa, ya san wanda ya sauka a zauren wa. Ɗayan, musamman in gidansu 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU ne, zai tuna maka yadda ake kama mutum don ya halarci laccar Malam Aminu Kano ko ya yi taro ba izini, a kai shi gaban alƙali da safe, ya kwana a gidan yari. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Sanin gida da ya sa ɗan doka ya iya kama ɓarawo, shi ne dai ya sa ya san ƙofar ɗan adawa. Wannan igiya ce mai baki biyu, kuma har yau ita ce a wuyan duk wani tsarin tsaro na 'yan gida.

An yi min sata. Wurin mai unguwa zan fara zuwa ko caji ofis?

Ya danganta da nauyin abin. Akuya ta shiga gona, yara sun yi dambe, maƙwabci ya toshe maka magudana, an ɗauke kaza kuma ana zargin yaron gida: wannan na mai unguwa ne da liman, kuma sulhunsu ya fi ɗorewa, don gobe ma za ku haɗu a sahu ɗaya.

Amma kisa, fashi, garkuwa da mutane, fyaɗe, sara da makami, satar babur ko shanu, waɗannan ba na zaure ba ne. Ka sanar da mai unguwa don ladabi kuma don ya taya ka cigiya, amma rahoto a caji ofis za a kai. Na fi jaddada fyaɗe, domin shi ne aka fi kashewa a zaure da sunan rufin asiri. Asirin da ake rufawa na mai laifin ne, kuma yarinyar maƙwabta ce ta gaba. A kai yarinya asibiti a ranar, kafin a yi mata wanka ko a wanke tufafin, sannan a kai rahoto.

Sai na biya kafin a karɓi ƙarata? Beli fa?

Kai ƙara kyauta ne, beli kyauta ne, kuma a yawancin ofisoshi an ma rubuta hakan a bango. Kowa ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin rubutun: kuɗin takarda, kuɗin fayil, kuɗin mai. Babu ɗaya daga ciki da doka ta ɗora maka.

Kuɗin mai yana da ɗan wuyar sha'ani, don sau da yawa da gaske motar ba mai. Ra'ayina shi ne, in gari zai taimaka wa ofishinsa, ya taimaka a fili ta hannun kwamiti, a rubuta abin da aka bayar a karanta a taro. Mai kuɗi ɗaya ya riƙa zuba wa motar sintiri mai, ranar da yaronsa ya yi laifi motar ba za ta gan shi ba.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: mace tana iya tsayawa wa mutum beli. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce, kuma jihohi sun yi nasu kwatankwacinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019.

Kwana nawa aka yarda a ajiye mutum a bayan kanta?

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce in akwai kotun da ke da hurumi cikin tazarar kilomita 40, a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya. In babu, kwana biyu, sai fa in kotu ce ta ga dacewar ƙari. Laifin da hukuncinsa kisa ne yana da nasa tanadi daban. Sashen ya kuma ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, kuma dole a sanar da shi dalilin kamun cikin awa 24 da harshen da yake ji. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a takardar da ba a karanta maka ba.

Duka don a tilasta mutum ya amsa laifi kuwa, shi kansa laifi ne a ƙarƙashin dokar hana azabtarwa ta 2017, kuma “oga ne ya sa ni” ba uzuri ba ne. Doka ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sandan yankinsa duk wata don ya ga waɗanda ke tsare. In a garinku ba a taɓa ganinsa ba, abin tambaya ne a taron kwamiti.

Sun zo neman ɗana ba su same shi ba, sai suka tafi da mahaifinsa. Haka doka ta ce?

A'a. Dokar 2015 ta hana, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake hanawa: ba a kama wani a madadin wani. Ba uwa, ba uba, ba mata, ba ɗan haya. Ana iya kiranku a yi muku tambaya, amma ba a mayar da ku jingina. Ke dai ki nemi ganin DPO da kanki, ki tafi da mai unguwa ko wani dattijo, ki faɗa masa cikin ladabi cewa kin san wannan tanadi.

Ina bin wani bashi ya ƙi biya. Zan iya sa a kulle shi?

Dokokin nan biyu sun hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Rikicin iyakar gona da rabon gado ma na kotu ne. Damfara daban ce, wato wanda tun farko ya shirya yaudara don ya cinye maka dukiya. Mu ma muna da laifi a nan: mu ne muke mayar da caji ofis ofishin karɓar bashi, sannan mu yi ƙorafin ba sa zuwa in an kira su da dare. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

'Yan banga, 'yan sa-kai, askarawa, Hisbah, sibil difens, 'yan sandan sarauniya: wane ne wane?

Sibil difens hukumar tarayya ce da aka yi wa doka a 2003, aikinta ya fi karkata ga tsaron kayan gwamnati da sa ido kan kamfanonin gadi. 'Yan sandan sarauniya mutanen gari ne da ake ba ɗan horo su taimaka wa 'yan sanda ƙarƙashin DPO, kuma an ɗebi da yawa bayan gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don tsaron al'umma a 2020. Hisbah ta jiha ce, a Kano an yi mata doka a 2003, kuma ƙarfinta yana wajen tarbiyya da sulhun aure da na iyali.

Sai rundunonin da gwamnoni suka kafa kwanan nan saboda 'yan bindiga. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da ta Katsina a Oktoban 2023, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, Sakkwato ta biyo baya a 2024 ɗin. Waɗannan suna da dokar jiha, da kaki, da alawus. 'Yan ƙato da gora na Maiduguri, da suka tashi a 2013 suka fatattaki Boko Haram daga unguwanni, su ne misalin da kowa ke kafa hujja da shi.

'Yan banga kuwa su ne na unguwa da muka sani tun da, masu tocila da usur da gora. 'Yan sa-kai a bakin mutanen Zamfara da Katsina na nufin waɗanda suka ɗauki makami da kansu ba tare da wata hukuma ta ɗauke su ba, kuma gwamnatocin jihohin sun sha haramta su.

'Yan sintirinmu sun kama ɓarawo. Me suke da ikon yi masa?

Su kama shi, su tsare shi daga gudu da kuma daga hannun jama'a, su miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba, tare da kayan da aka same shi da su da sunayen shaidu. Iyakar ikonsu ke nan, kuma iko ne da doka ta ba kowane ɗan ƙasa da ya ga ana aikata laifi. Ba su da ikon ɗaure shi a ofishinsu kwana uku, ko su rataye shi a bishiya ya faɗi abokansa, ko su ci shi tara, ko su zagaya gari da shi tsirara.

Na san amsar da ake bayarwa: “Mun kai shi da safe, da yamma mun gan shi a majalisa yana shan rake.” Takaicin gaskiya ne. Amma a bincika a gani, sau nawa mai kayan ya je ya ba da bayani? Sau nawa shaidu suka je kotu? Mutum ya karɓi wayarsa ya ce ya bar wa Allah, ɗan sanda ba mai ƙara ba shaida, agogon kwana ɗaya kuma yana tafiya. Wani lokacin cin hanci ne ya sake shi, wani lokacin mu ne.

Ga kuma inda ɗaukar doka a hannu yake kaiwa. A Zamfara, lokacin da satar shanu ta yi ƙamari, 'yan sa-kai sun riƙa kama Fulani a kasuwanni suna kashewa bisa zargi, mai laifi da marar laifi. Waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa wasunsu suka shige daji, ramuwar gayya ta fara faɗa wa gari gaba ɗaya. A Afrilun 2014 'yan bindiga suka afka wa taron 'yan banga a 'Yargaladima ta ƙaramar hukumar Maru, suka kashe mutum sama da 100. Ba wannan kaɗai ne sanadin bala'in ba, amma ya zuba masa fetur.

In kuma wani yana ganin abin ba zai juyo kansa ba, ya tuna Uromi ta jihar Edo. A Maris na 2025 'yan sintirin garin suka tare motar mafarauta 'yan Kano da ke komawa gida sallah, suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa ne, aka kashe mutum 16. Waɗancan 'yan sintirin ma a ganinsu garinsu suke karewa. Duk Bahaushen da ke fatauci ko cirani, a wani garin shi ne baƙon da ba a san fuskarsa ba.

An yarda ɗan sintiri ya riƙe bindiga?

Zama ɗan sintiri ba lasisi ba ne. A dokar makamai, ko bindigar toka irin ta maharba sai da izinin kwamishinan 'yan sanda, bindigar harbin tsuntsu sai da lasisin Sufeto Janar, irin su AK-47 kuwa ba na farar hula ba ne.

Muna so mu kafa sintiri a unguwarmu. Ta ina za mu fara?

Ku fara da mai unguwa da dagaci, sannan ku kai wa DPO jerin sunaye da hotuna. Kowane ɗan sintiri ya zama yana da dattijo biyu da suka tsaya masa, kuma yana da sana'ar da yake yi da rana. Wanda ba shi da abin yi sai sintiri, wata rana sintirin zai zama gonarsa. Kada ku ɗauki yaro don kawai yana da zuciya ko yana da tauri, kuma ku yi hattara da tubabben ɗan daba da bai daɗe da ajiye wuƙa ba.

Ku sa kowa a ciki. In garin yana da rugage, ardo ya kawo nasa mutanen. In akwai unguwar baƙi, su ma su kawo. Sintirin da ƙabila ɗaya ko jam'iyya ɗaya ta cika shi ya riga ya zaɓi wanda zai zarga.

Kuɗin da ake tarawa gida-gida a ba da rasit, a karanta lissafi duk wata bayan sallar Juma'a, a ɗauke wa zawarawa da marasa hali. Ɗan siyasa in ya kawo babur a karɓa da sunan unguwa, ba da hotonsa a jiki ba. A samu littafi guda da ake rubuta wanda ya fita sintiri, da abin da aka gani, da wanda aka kama da lokacin da aka miƙa shi. Littafin nan na naira ɗari biyar shi zai wanke ku ranar da aka yi muku ƙazafi.

Sannan ku nemi kujera a kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, wanda yake nan tun 1984, ko a kwamitin tsaron al'umma da dokar 2020 ta tanada a matakin caji ofis. Ku tabbata an gayyato sarkin tasha, sarkin fawa, shugaban 'yan acaɓa, masu cajin waya da 'yan gwangwan. Saniyar sata sai ta bi ta hannun mahauci, wayar sata sai ta je wurin mai gyara, ƙarfen sata sai ya hau sikeli. A sa mata ma, don uwa ce ke fara ganin yaro ya dawo da abin da ba ita ta saya masa ba.

Ina da labari amma ina tsoron a ce ni na faɗa.

Tsoronka yana kan hanya. A ƙaramin gari kowa ya ga wanda ya shiga caji ofis, kuma a yankunan da 'yan bindiga suke, infoma ya fi bindiga haɗari. Da ɗan gari akan ci gari. Kada ka faɗi maganar a kantar caji ofis gaban kowa. Ka nemi lambar DPO ka kira shi kai tsaye, ko ka bi ta hannun mutum ɗaya da ka amince da shi, ko ka kira layin hedikwatar jiha. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Kada ka sa a zauren WhatsApp na unguwa, don ba ka san wayar wa ke hannun wa ba.

Haka kuma kalmar infoma ba abin jifa ba ce. Kishi, bashi da rikicin gona sun sa an laƙa wa mutane ita, kuma a wasu garuruwan laƙa ta daidai yake da yanke hukuncin kisa.

Asibiti zai karɓi wanda aka harba ba takardar 'yan sanda? Yaro in ya ɓata sai an jira awa 24?

Wata dokar ta 2017, ta kula da masu raunin harbi, ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi nan take, shi asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya, kuma ba a tsangwamar wanda ya kawo shi. Maganar jiran awa 24 kuwa babu dokar da ta ce haka. A kai rahoto nan da nan, a sanar a masallatai, a tura mutum tasha.

Ɗan sanda ne ya zalunce ni. Wa zan kai wa?

Ka riƙe sunansa da ke ƙirjinsa, da rana, da wuri, da shaidu. Ka fara da DPO, in shi ne matsalar ka wuce wurin eriya kwamanda ko kwamishina, a rubuce, ka ajiye kwafi. Rundunar tana da sashen karɓar ƙorafi da aka kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. A wajen rundunar akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a.

To 'yan sandan jiha ba su ne maganin duk wannan ba?

A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba kafa su, kuma hanyar ita ce gyara sashe na 214, wanda ke buƙatar majalisar tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, wato 24 daga 36.

Ni ina ganin amfaninsu: kurtu ɗan Batsari ya fi baƙo sanin hanyoyin dajin Rugu, kuma ba sai an yi masa tafinta ba. Amma tambayoyina uku ne. Wa zai naɗa kwamishina, kuma wa zai iya cire shi? Jihar da malaman firamare ke bin ta bashin albashi, da me za ta biya mai bindiga? Sannan ranar zaɓe, in gwamna ya ce a rufe filin taron 'yan adawa, wa zai ce masa a'a? Ta ukun nan ita ce dattijon NEPU ɗin nan zai fara yi.